Yankan Hagu

Ƙanƙara ba ta gama narkewa ba mai lambun ya tarar an daddatse tsofaffin rassan itatuwansa na beri, masu ƙananan 'ya'yan marmari. Da sabon kwaɗon da zai kulle ƙofar lambun a hannu ya harari maƙwabcinsa ta saman shinge.

"Kai ne, ko? Don bara na kayar da kai a gasar 'ya'yan itace ta ƙauye!"

"Da ni ne, ai daga tushe zan sare," in ji maƙwabcin yana dariya. "Wannan gyara ne, ba ɓarna ba. Dubi karkatar yankan, aikin bahago ne."

Ya durƙusa ya shafa reshen. Bahaguwa ɗaya ya sani: matarsa, wadda ta tattara kayanta ta tafi tun lokacin kaka, ta rantse ba za ta sake tako gidan ba.

Ya dubi ƙofar lambun, ya mayar da kwaɗon aljihu.