Ranar da Tsohon Inji Ya Ja Mai Shi

Tukur, zauna tukuna, ba inda za ka da maganar sauke injin nan sai ka ji ni. Na san tun rasuwar yayanka kai ke jan a-kori-kurar da ya bari, da ita kake ciyar da ni da marayun nan, Allah ya saka maka. Baƙin man da take zubarwa a ƙofar gida ma na gani, ai ni nake share wurin. Amma akwai wani misali da marigayi yakan ba direbobi in sun zo hira zaure, ina jiyo shi daga madafa har na haddace. Ni ban yi karatu mai nisa ba, sifana ma ban san lambarta ba. Yadda na ji shi haka zan ba ka.

Wasu direbobi biyu ne abokai, suna ɗaukar tumatir daga fadama zuwa kasuwar birni. Motar ɗayansu ta sha hanya har agogon da ke ƙirga tafiya ya gaji ya tsaya, amma ba ta taɓa kwanar da shi a daji ba. Wata safiya ya leƙa ƙarƙashinta ya ga ɗigon baƙin mai, faɗinsa bai wuce kwabo ba. Bai zaro gejin awon mai ya duba ba, sai ya ɗauko galan ya tuttula. Washegari ma ya ga ɗigo, ya ƙara. Haka ya riƙa yi, kamar uwar da ke ɗura wa yaro kunu ko ya ƙoshi. Inji kuwa kamar ciki yake, in an cika shi fiye da kima sai ya nemi hanyar fitarwa. Ɗigo ya zama ɗan tafki. 'Yan tasha suka samu abin yi, duk inda ya ajiye mota sai su ce a kira mai ƙosai ta kawo kasko, ga mai na tafiya a banza. Kunya ta ishe shi. Ya sa aka sauke injin, ya sayo na gwanjo wanda aka wanke aka fesa wa fenti yana ta walƙiya, ba tare da ya taɓa jin kukansa ba.

Abokin nasa kuwa injinsa ya buga da gaske, motarsa na kan duwatsu. Ya zo ya tsuguna gaban wanda aka sauke, ya tambayi mai shi ko yana hayaƙi, aka ce ba ya yi. Ko yana gardamar tashi da safe, aka ce bugu ɗaya ne. Ko yana nishi a kan tudu in an yi masa lodi, mai shi ya ce a gaskiya bai taɓa ba, yoyo ne dai ya ishe shi. Abokin ya saye, aka ɗaura masa. Ya wanke shi tas da kalanzir, ya zuba mai daidai inda geji ya nuna, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashi. Da gari ya waye ya ga ɗigo a wuri ɗaya tak. Ya bi sawunsa da yatsa har sama, ashe robar murfin inji ce ta bushe ta tsage. Makanike ya canja ta kafin mai shayi ya gama haɗa musu.

Ana nan, wata rana da tsakar rana, mai sabon inji ya ɗauko kwanduna har sama, ya kama hawan tudu. Injin mai fenti ya yi tari, ya tuƙo hayaƙi shuɗi, ya yi shiru. Ba inuwa, ba gari kusa, tumatirin mutane ya fara ruwa yana tsiyaya ta gindin kwando. Sai ga abokin nan tafe da nasa lodin. Ya tsaya, ya ɗaura igiya, ya ja shi, mota biyu da kayansu suka haye tudun. Duk tsawon hanyar, wanda ake ja ya fito da kai ta taga yana kasa kunne. Da suka isa kasuwa ya sauko ya dafa bonet ɗin abokinsa ya ce, "Wannan kukan na san shi."

Abokin ya ce, "Shi ma ya san ka. Ba ka ga bai yi gardamar janka ba?"

To, ƙanin miji, misalin ke nan. Ni ban ce ba a sauke inji ba. In ya fara hayaƙi, yana shan mai ba tare da ya zubar ba, yana nishi a kan tudu, ni da kaina zan riƙe maka igiyar saukewa. Amma namu ba ya yin ko ɗaya, kuma daga zaure ina ganinka kullum da galan, ban taɓa ganinka da geji ba. Kukan motar nan tun daga kwanar masallaci nake gane shi, da shi nake sanin in ɗora ruwan wankan yayanka, har yau in ka shawo kwanar sai na miƙe kafin in tuna. Ga kwalin taliya can a bayan ƙofa, na ajiye maka tun jiya. Wanke injin, ka shimfiɗa, gobe mu duba tare, in ba ka jin kunyar a ce matar yaya ce ta koya maka tuƙi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.