Lokum ɗin Nedim

"Gulsum, tsallaka ki sayo min kwali ɗaya. Kada ki ce ni na aike ki."

Usta Rasim ya faɗi haka yana harare-hararen layin mutanen da ke ƙofar shagon Nedim, maƙwabcinsa. Shekara talatin suna sayar da alewar lokum a titi ɗaya a garin Safranbolu na ƙasar Turkiyya, bai taɓa ɗanɗana ta Nedim ba. Amma sati uku ke nan layin can ya hana shi sukuni.

Matarsa Gulsum ta kawo. Ya ɗauki ɗaya, ya matsa da yatsa, ta lotsa ta dawo. Ya karkaɗe garin kwakwar da ke jikinta, ya jefa a baki. Ba ta kama haƙori ba, ba ta ƙona maƙogwaro ba.

Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Wannan ragon! Mutumin da ko shayi bai iya haɗawa ba? Gashina ya yi fari a bakin tukunya, ban taɓa samun laushi irin wannan ba. Wallahi ya fi ni, Gulsum. Gobe na rufe shago."

Gulsum ta ci gaba da goge teburin shago.

"Maigida, da kana gaishe shi, da ka ga hannunsa a ɗaure. Sati uku da ya karye, ba ya iya juya tukunya. Kullum da safe ni nake kai masa faranti biyu daga naka."

Rasim ya sake jawo kwalin. Ya ɗauki wata, ya tauna a hankali, ya yamutsa fuska.

"Sukarin ya yi yawa."