Wa Ya Ba Su Adireshin Mutiso?

Saƙon ya sake shigowa Mutiso yana cikin matatu, motar haya: "Sanƙo ba ƙaddara ba ce. Gwada manmu, gashinka ya dawo." Ya shafa kansa mai sheƙi, ya yi tsaki har ta kusa da shi ta waiwayo.

Duk faɗin Nairobi a rasa wanda za a yi wa haka sai shi! Mutiso fa da dokar irin wannan saƙon yake cin tuwo. Shi ke zaga kamfanoni yana koya musu sharuɗɗan tura saƙon talla ta imel: kada ka tura sai mutum ya yarda, ka faɗi ko kai wane ne, ka bar masa hanyar cewa a daina. Hanyar dainawar kam sun saka, amma ya ƙi taɓawa. Yaushe ya shiga da zai fita?

Ya kai ƙara ofishin kare bayanan jama'a. Bakinsa kuma bai tsaya nan ba. A gaban ɗalibansa, manajoji cike da zaure, ya buga ƙirji: in kamfanin nan ya nuna shaidar yarda, shi Mutiso ya bar sana'ar.

"Baban Mumo, ka janye ƙarar nan mana," in ji matarsa Ndinda, tana murza masa kai da man kwakwa daga wata kwalba marar takarda, kamar yadda ta saba in ya ci ugali, tuwon masara, ya ƙoshi.

"In janye? Sun ci mini mutunci!"

"Wane mutunci? Ni sanƙon nan na gani na aure ka. Ko kyauta aka ba ka gashi, ba na so."

Daɗi ya kama shi. Wannan maganar ita ta riƙe shi tun yana saurayi, shi ya sa bai taɓa sa hula ba. Ya lumshe ido yana shaƙar man, wanda kwanan nan yake ɗan warin tafarnuwa. Har wani gashi-gashi ya fara tsiro masa a ƙeya, ya ce hutu ne da cin ganye.

Ranar zama ya sha kwat, ya gayyato manajoji biyu su ga aiki. Mai kamfanin, Madam Nekesa, ta shigo ba ko lauya. Mutiso ya zuba doka, sashe bayan sashe, har jami'in da ke sauraron ƙarar ya roƙe shi ya sha ruwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Nekesa tana duban Mutiso, "mu ba ma sayen adireshi. A rumfarmu ta kasuwar baje koli aka ba mu naka. Muka tura saƙon tabbatarwa, aka latsa 'na yarda' daga kwamfutar gidanka."

"Ƙarya ce! Ban taɓa taka rumfarku ba."

"Kai kam ba ka zo ba. Amma duk wanda ya karɓi kwalbar gwaji muna ɗaukarsa hoto, da izininsa."

Ta juyo masa da wayarta. Mutiso ya gyara tabarau, manajojin suka leƙo ta bayansa.

Ndinda ce, tana ta fara'a, riƙe da kwalbar nan da daga baya aka ɓare wa takarda, wadda take ce masa man kwakwa ne.