Filashin Ɗin Maigida

A duk gidan, tagar ɗakin Inna ce kaɗai sabis ke kamawa, don haka nan Amarya take ajiye wayarta. Har yau Amarya ake ce mata, ko da yake lallenta ya daɗe da gogewa wajen wankin zannuwan surukarta Inna, wadda ƙafafunta suka shanye.

Mijinta mai hawa ƙarafan sabis ne. Ran da kamfani ya tura shi nesa, ya ja mata kunne: "Kar ki kira ni. In waya ta yi ƙara ina sama, faɗowa zan yi. Ni zan riƙa yi miki filashin. In kin gani, lafiyata ƙalau."

Da farko yakan kira jefi-jefi, ta ji muryarsa. Sai wata rana rediyo ya ce wani ma'aikaci ya faɗo daga saman ƙarfe, ba a faɗi suna ba. Ta wuni tana duba wayarta. Yayan mijin ya yi tafiyar gaggawa, ya dawo da wata jaka, ya shige ɗakin Inna suka tura ƙofa. Da yamma Inna ta aike ta ɗebo ruwa. Tana dawowa ta tarar da filashin. Ta durƙusa tana hamdala.

Tun daga nan murya ta ɗauke. Yaya ya ce dajin da suke ciki sabis ba ya ɗaukar magana. Filashin kuwa bai fasa zuwa ba, amma ba ta taɓa ganin shigowarsa da idonta ba.

"Ke dai ba ki da ƙashin arziki," in ji Inna. "Sai kin fita zubar da fo yake tuna ki."

Takan yi murmushi, ta juya tsohuwar, ta shafa mata mai a baya. Matashin kai ne kawai ba a yarda ta taɓa ba, wai akwai laya a ciki.

Da babanta ya gaji, ya zo tafiya da ita. Ranar filashin uku ta tarar. Ta nuna masa, kanta a sunkuye: "Baba, yana sane da ni." Ya koma shi kaɗai.

Wata safiya Inna ta sandare, numfashi sama-sama, Yaya kuma ba ya gari. Amarya ta daɗe tana kallon lambar mijinta. Idan yana sama fa? To amma uwa ai ba ta da canji. Ta yi bismilla ta danna.

Kira ya shiga.

Waƙar nan da ya sa wa lambarta a wayarsa tun suna zance ta tashi a hankali daga ƙarƙashin matashin Inna.