Wurin da Gashi Bai Fito Ba

Ina 'yar shekara bakwai, Inna tana yi mini kitso a gindin ɗorawa, hannunta na ƙanshin man shanu. Na tambaye ta me ya hana gashi fitowa a bayan kunnena. Ta shafa wurin ta ce, "Haka aka haife ki, uwata. Allah bai shuka komai a nan ba."

Makon jiya na je awon ciki Ɗambatta, nas ta lura da wurin. Ta ce tun a cikin uwa ramukan gashi suke samuwa, nawa ma sun samu, wuta ce ta kashe su. Tabon sakiya ne, ƙarfe aka gasa aka ɗora mini.

Inna ce za ta riƙe mini jaririna in na sauka. Har yau na kasa tambayarta.