Dutsen Murhun Saude

Tun da Ɗanmalam direba ya dire ƙarfen nan a tsakar gida, gaban matarsa Saude bai daina faɗuwa ba.

Bandar kifi yake ɗauko wa 'yan kasuwar Kibiya daga bakin Tafkin Chadi. Hanyar ta daɗe a rufe, sai bana da sojojin Najeriya da Chadi da Kamaru suka haɗu suka fatattaki 'yan tada ƙayar baya daga dajin. A wani ƙonannen ƙauye ya tsaya yin alwala, ya ga abin kwance cikin yashi, kansa kamar gwanda, wutsiyarsa kamar ta tarwaɗa.

"Baban Na'ima, don Allah fitar da shi," in ji Saude. "Ko kajin gidan nan kewaye shi suke yi."

Ya yi dariya. "Ke dai akwai tsoro! Ba kin ishe ni da dutsen murhunki ɗaya ya fashe ba? To, ga wanda ba zai taɓa fashewa ba."

"Daga wurin yaƙi fa ka kwaso shi."

"Sojojin ƙasa uku sun share wurin tas. Me ya rage?"

Ya kafa shi a gurbin dutsen, ya ɗora tukunya. Saude ta ce ita kam hannunta ba zai hura wutar nan ba. Ya ce, "Kawo ashanar."

Ta saɓi 'yarta Na'ima ta fice ko takalmi babu, ta nufi gidan Kawu Alu, tsohon soja. Ta kwatanta masa abin.

"Yana da 'yan fukafukai a gindi?"

"E, Kawu."

Carbi ya suɓuce daga hannunsa. "Innalillahi! Bam ne bai tashi ba. Kada wanda ya kusance shi da..."

Ƙasa ta girgiza. Tantabarun unguwar suka tashi gaba ɗaya.

Ɗanmalam ya rayu, amma babu idanu, babu hannun dama. Yanzu a ƙofar gida yake wuni. In motar Kano ta wuce, sai ya karkata kai ya faɗi sunan direbanta daga jin kukan injin, Saude ta juya tana share hawaye.

Jama'a, sojoji kan kori masu yaƙi, amma abin da yaƙi ya zubar yana nan da ransa. Duk ƙarfen da ba ku san shi ba, kada ku taɓa, kada ku kai gida. Ku nisance shi, ku sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro.