Shuni a Ƙarƙashin Awarwaro

Tun da aka ɗaura wa kowa awarwaron hukuma mai faɗin inda mutum yake, kotu ta daina kiran shaidu. Abin da awarwaro ya faɗa, shi ke nan.

Barista Tasalla kuwa ta san yana ƙarya. Shekara tara ta yi a kurkuku don an ga nata a gidan da aka yi kisa, kafin asirin wanda ya sace shi ya tonu. Yau ga ta tana kare Malam Tanimu marini, wanda nasa ya nuna shi a shagon da aka kashe wani tela da hantsi.

"Wallahi ina marina lokacin, Barista," ya ce.

"Miƙo hannunka, Baba."

Ta ture awarwaron sama a gaban alƙali. Fatar da ke ƙarƙashinsa ta rine da shuni kamar sauran hannun.

"Ya mai shari'a, da yana sanye da shi lokacin aiki, da nan bai rinu ba. Marina cirewa suke yi su rataye a ƙusa, kowa na iya ɗauka."

Cire awarwaro ɗaurin wata shida ne, kowa ya sani. Amma sai ga marina goma sha ɗaya sun miƙe daga kujerun baya, sun ɗaga shuɗɗan hannuwansu don ba da shaida.

Alƙali ya ja hannun riga ya rufe nasa awarwaron.

"A kira shaida na farko," ya ce.